Tayar duk-shekara a ƙarƙashin mota mai ƙarfin doki 382: za ta ɗauki sanyin Toronto?

Baban Yusra (Toronto):
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san harkar taya. Motar BMW M340i xDrive ce, wato mai jan ƙafa huɗu, ƙarfin doki 382, kullum a kan titi take, kusan kilomita 60 zuwa da dawowa, yawanci a kan babbar hanya ta 401. Tayoyin zafi ne a ƙafarta, gaba 225/40R19, baya 255/35R19. Ga Nuwamba ta ƙarato. So nake in sa taya ɗaya da za ta zagaye shekara ba sai ana cirewa ana mayarwa ba. Wace tayar duk-shekara ce ba za ta kashe wa motar kuzari ba, kuma ta riƙe titi a Janairu? Ko dai yaudarar kaina nake?

Mai Taya (Minisota):
Wa alaikumus salam Baban Yusra. Kafin a kai ga wadda za ka saya, waɗanda ke ƙafar motar yanzu su ne na gaggawa. Robar tayar zafi an haɗa ta ne don ta yi laushi a titi mai ɗumi. Da yanayi ya sauko ƙasa da digiri 7 sai ta fara sandarewa, ko babu dusar ƙanƙara ko ɗigo. Danna farcenka a kanta da asuba a Disamba, za ka ji kamar robar bokiti. Robar da ta sandare ba ta shiga ƙananan ramukan kwalta, kuma riƙon taya daga nan yake zuwa. Akwai abin da ya fi haka muni: kamfanin GM ya gargaɗi masu Corvette da Camaro cewa kada a motsa mota da irin waɗannan tayoyi idan sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili, don roba na iya tsagewa. Tsagar nan ba ta gyaruwa, sai dai a yar da taya.

Ga amsar tambayarka, biyu ne a gaba a ajinka: Michelin Pilot Sport All Season 4 da Continental ExtremeContact DWS06 Plus. Duk ana samun su a girman gabanka da bayanka. Michelin ta fi amsa sitiyari da sauri, gefenta ya fi tauri, ita ce ma ake sa wa Corvette C8 daga masana'anta. Continental ta fi laushi a kan ramuka, ta fi shiru, sitiyarinta na da ɗan jinkiri a tsakiya. Akwai Pirelli P Zero All Season Plus 3 idan farashi ya yi daɗi.

Injiniya (Winifeg):
Oga Mai Taya ya faɗi gaskiya, amma ya bar rabin zancen. Baban Yusra, tsuguna ka duba gefen waɗannan tayoyi biyun da ya ambata. M+S za ka gani a jiki, wato taɓo da dusar ƙanƙara. Ba za ka ga tambarin dutse mai kai uku da ɗigon dusar ƙanƙara a cikinsa ba. Tsakanin alamomin nan biyu akwai rata mai nisa.

M+S ba jarrabawa ba ce. Tsarin zanen taya kawai ake dubawa, a ga ramukan sun kai wani kaso na fuskarta, sai kamfani ya buga alamar da kansa. Ba a kai ta kan dusar ƙanƙara an gwada ba. Tambarin dutse kuwa, wanda aka fito da shi a Amurka da Kanada a 1999, sai taya ta ci jarrabawa: a kan dusar da aka daddanne, dole ta fi tayar awo jan mota da aƙalla kashi 10 cikin 100. Shi ma kada a ɗauke shi fiye da matsayinsa. A wannan nahiyar ja gaba ake aunawa, ba a auna birki, ba a auna kwana, ba a kuma taɓa ƙanƙara mai santsi. Wato shi ne mafi ƙarancin abin da za a nema.

Bazazzagi (Munik):
Ku dakata, akwai ruɗani a suna. Abin da mu a Turai muke kira tayar duk-shekara daban yake da naku. Namu kusan duk suna ɗauke da tambarin dutse, irin su Michelin CrossClimate 2 da Vredestein Quatrac Pro da Goodyear Vector 4Seasons. Ku a can ku kan rubuta wa irin waɗannan All Weather, ku bar All Season wa masu M+S zalla. Mutum zai kalli gwajin da aka yi a Jamus, ya ga an yaba wa tayar duk-shekara a kan dusar ƙanƙara, ya je shago a Toronto ya sayi wani abu daban mai suna iri ɗaya. Ku bar suna ku dubi tambari.

A Jamus ma daga 1 ga Oktoba 2024 M+S ta daina aiki a idon doka. Idan titi na da ƙanƙara ko dusa aka kama ka babu tambarin dutse, tarar Yuro 60 ce da maki ɗaya a rajistar laifukan tuƙi ta Flensburg, 80 idan ka tare wa mutane hanya.

Ɗan Gaye (Misisoga):
Ni fa ina ganin kuna tsoratar da bawan Allah. Motar nan ƙafa huɗu take ja. A Toronto kafin gari ya waye an share 401 an zuba gishiri. Kwana nawa ne a shekara ake tuƙi a kan dusa ta gaske? Ya sa Pilot Sport All Season 4 ya huta. Me ye amfanin xDrive ɗin da ya biya kuɗi?

Injiniya (Winifeg):
Ɗan'uwa, xDrive na taimaka wa tashi ne kawai. Da ka taka birki, kowace mota a duniya ƙafa huɗu take tsayawa da su, Corolla da M340i duk ɗaya. Abin da ke taɓa ƙasa a kowace ƙafa bai wuce tafin hannu ba, kuma shi ke yanke hukunci. Motar nan ta haura kilo 1,700. Illar jan ƙafa huɗu ma ita ce tana ɓoye santsi: mota mai jan baya tun a fitowa daga gida za ta yi wutsiya ta sanar da kai halin titi, wannan kuwa za ta tashi lafiya lau, sai ka zo danja ka ji birki na rawa a ƙarƙashin ƙafarka motar na ci gaba da tafiya.

Gishirin da kake taƙama da shi kuma ƙarfinsa na raguwa sosai idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili. Ya narkar da dusa da rana, ruwan ya sake daskarewa da dare a kan gada da hanyoyin shiga babban titi.

Mai Taya (Minisota):
Injiniya, a nan zan ɗan tsaya wa Ɗan Gaye, ko da yake dalilinsa ba nawa ba ne. Kai kana Winifeg inda digiri 25 ƙasa da sifili ba labari ba ne, dusa ta daddanne a titi wata da watanni. Can babu muhawara, tayar hunturu zalla irin X-Ice Snow ko Blizzak WS90 ko Hakkapeliitta R5 kawai. Amma irin waɗannan masu taushin roba, ɗora su a kan M340i a busasshen titi mai digiri 5 sama da sifili, ka shiga kwana da ɗan gudu. Za ka ji motar na lilo kamar an ɗora ta a kan katifa, kuma birkinta a busasshe da jiƙaƙƙen titi ya fi na tayar duk-shekara tsawo. Yawancin hunturun Toronto titi baƙi ne, a jiƙe ko a bushe, sanyi na wasa kusa da sifili. A irin wannan ranar Pilot Sport All Season 4 ta fi Blizzak tsayawa. Ranar da dusa ta sauka kuma lissafin ya juye gaba ɗaya. Tambayar da za a yi wa Baban Yusra ita ce: ranar da aka tashi da dusa santimita 15, zai iya zama a gida ko dole ya fita?

Baban Yusra (Toronto):
Dole ne Oga. Aikin ba ya jira, kuma ƙarfe 6 na safe nake fita, kafin motocin shara su shigo unguwa.

Mai Taya (Minisota):
To ka rufe zancen M+S zalla. Ƙarfe 6 na safe shi ne lokacin da sanyi ya fi tsanani, taya a sandare, layin unguwa ba a share ba. Hanya biyu ta rage maka.

Ta farko, taya ɗaya mai tambarin dutse ta zauna shekara, CrossClimate 2 ko Nokian Remedy WRG5 ko Quatrac Pro. Za ka samu hunturu mai kyau, amma a Yuli za ka san ka rage wa motar wani abu: sitiyari ba zai yi kaifin da ka saba ba, kuma idan ka matsa mata a kwana gaban zai riƙa turawa waje da wuri.

Ta biyu, wadda ni na fi so wa irin wannan mota: ka adana tayoyin zafinka a kan rim ɗinsu na 19, ka sayi rim 18 guda huɗu ka ɗora musu tayar hunturu ta motoci masu gudu, Michelin Pilot Alpin 5 ko Pirelli Winter Sottozero 3 ko Continental WinterContact TS 870 P. Waɗannan an yi su ne don manyan titunan Turai masu sanyi da jiƙa. Ba su kai Blizzak a kan ƙanƙara ba, amma ba sa lilo.

Injiniya (Winifeg):
Bari in yi lissafin girman, don a nan ake yawan ɓata kuɗi. Girman da za ka nema shi ne 225/45R18 a duk ƙafa huɗu.

225/40R19: rim inci 19 milimita 482.6 ne, gefe kashi 40 na 225 wato 90, sama da ƙasa 180. Jimla 662.6.
255/35R19: 482.6 da 178.5, jimla 661.1.
225/45R18: 457.2 da 202.5, jimla 659.7.

Bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, don haka agogon gudu da na'urar raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ba za su ji komai ba. Ribar biyu ce. Gefen taya ya tashi daga milimita 90 zuwa 101, kuma wannan 11 ɗin shi ke tsakanin ka da lanƙwasasshen rim idan ka faɗa ramin da sanyi ya fasa a watan Maris. Sannan siririyar taya ta fi yanka dusa da taɓon ƙanƙara ta kai ƙasa. Mai faɗin 255 hawa kai take yi tana shawagi.

Rim ɗin kuma: tsarin ramukan noti 5x112, ramin tsakiya milimita 66.6. Kada ka sayi na tsohuwar 3 Series, waccan 5x120 ce, ba za ta shiga ba. Birkin gaban M340i babba ne, ba kowane rim 18 ke wuce ƙarfen da ke matse faifan birki (caliper) ba. A ɗora ɗaya a ƙafar gaba a juya da hannu a ga akwai tazara kafin a saka taya, don da an saka taya shago ba zai karɓi rim ba.

Hajiya (Gatino):
Yallaɓai ku ƙara da doka da inshora, tunda kuɗi ake lissafawa. A Kwibek duk motar da ke da rajistar lardin dole ta sa taya mai tambarin dutse ko mai ƙusoshi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Mai lambar Ontariyo, lardin da Toronto take ciki, dokar ba ta hau kansa ba ko ya tsallako. Ontariyo ba ta tilasta ba, amma tun 2016 dole kamfanonin inshora su ba da ragi ga mai tayar hunturu. Baban Yusra ka kira naka ka tambayi abu biyu: daga wane wata zuwa wane wata suke so tayar ta kasance a ƙafa, kuma suna karɓar All Weather mai tambarin dutse ko sai tayar hunturu zalla. Ba bakinsu ɗaya ba. Ka kuma ajiye rasit.

Ɗan Gaye (Misisoga):
Hajiya ragin nan ba zai sayi ko taya ɗaya ba. Saiti biyu kuɗi biyu ne, ga rim, ga wurin ajiya ga mai zama a bene.

Mai Taya (Minisota):
Ba kuɗi biyu ba ne Ɗan Gaye. Lokacin da saiti ɗaya ke ƙafa ɗayan na hutawa, kilomitan da za a ci su ne dai. Abin da ya ƙaru da gaske shi ne rim huɗu, na'urorin auna iska huɗu idan motar mai na'ura a cikin taya ce, da ajiya. Wurin ajiya kam ka yi gaskiya, amma shaguna da yawa na ajiyewa a biya su.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa masu gaba da baya daban-daban. Ba za ka iya kai tayar baya gaba ba, kuma motar nan bayanta ke cin taya. Michelin a Amurka na ba Pilot Sport All Season 4 garantin mil 45,000, amma idan girman gaba da baya ya bambanta, na baya rabi ne. Idan kuma ka haɗa da taya mai zanen kibiya irin CrossClimate 2, wadda gefe ɗaya kawai take juyawa, ko hagu da dama ba za ka musanya ba sai an cire ta daga rim. Da 225/45R18 a duk ƙafafu, kowane kilomita 8,000 zuwa 10,000 ka kai na baya gaba, su cinye tare.

Bazazzagi (Munik):
Kada a manta lambar da ke bayan girma. 93Y, 96Y, 95V, ba ado ba ne. Lambar nauyi ce: 93 kilo 650 a kowace taya, 95 kilo 690, 96 kilo 710. Harafin kuma gudu: H 210, V 240, W 270, Y 300. A buɗe ƙofar direba a duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, ko littafin mota, duk girman da aka amince da shi da lambar nauyinsa na nan. A harafin gudu ana iya sauka a tayar hunturu, mu a nan sai an manna takarda a gaban direba mai nuna iyakar gudun. A lambar nauyi ba a sauka ko kaɗan. Girma ɗaya na zuwa da 91 da kuma 95 XL, kuma mai arhar da za ka gani a intanet yawanci 91 ce. A nemi XL, wato mai ɗaukar ƙarin nauyi.

Tauraron BMW da ke jikin wasu tayoyi, alamar cewa kamfanin ya amince da su, yana da kyau idan an samu, amma abin da ya fi shi muhimmanci ga xDrive shi ne huɗun su zama iri ɗaya, zurfin zane kusa da juna. Sabuwa ɗaya a cikin tsofaffi uku na sa na'urar raba ƙarfi aiki ba hutawa.

Baban Yusra (Toronto):
Na gode ƙwarai. Saura tambaya ɗaya. Na yanzu masu tafiya ko sun yi faci ne, kuma babu safaya a but. In na koma taya ta gama-gari fa?

Mai Taya (Minisota):
Ana yi sosai, motar ma ta fi laushi. Masu tafiya da faci gefensu ƙaƙƙarfa ne, suna ba ka kusan kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba, amma a sanyi tauri suke kamar ƙarfe kuma zaɓinsu kaɗan ne. Idan ka bar su, ka sa ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota da kayan toshe faci a but, ka tabbatar kana da lambar masu jan mota. Ruwan toshe faci na da ranar lalacewa a jikin kwalba, a duba. Abu ɗaya: kada a gauraya, biyu masu tafiya da faci biyu gama-gari. Huɗu ko babu.

Injiniya (Winifeg):
Iska. Ko wace taya ka zaɓa, a nan ake kashe ta. Duk saukar digiri 5 zuwa 6 na cin kusan psi 1 a ma'aunin iskar taya. A ce an buga 35 a shago mai ɗumin digiri 20, ka fita waje digiri 15 ƙasa da sifili: ka koma kusan 29 ba tare da ƙusa ta taɓa ka ba. Fitilar gargaɗi kuma a ƙa'idar Amurka sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 ta zama dole ta kama, wato kana iya yin wata guda a 29 dashbod shiru. Taya mai gajeren gefe da ƙarancin iska ta daki rami, gefen ya matse tsakanin rim da kwalta, zaren ciki ya tsinke, washegari ka ga ƙulu kamar ƙwai. Wannan ba ta gyaruwa.

Yadda ake yi: geji naka na hannu, da safe kafin mota ta motsa, a waje inda take kwana, sau biyu a wata. Lambar ƙofar direba ake bi, ba wadda ke jikin taya ba, waccan iyaka ce. Idan dole a gareji mai ɗumi za a buga, a ƙara psi 1 ga kowane digiri 5 zuwa 6 na bambancin ciki da waje. An gama a shiga iDrive, allon sarrafa motar, a sake saita awon.

Notin ƙafa 140 Nm, da sifana mai awo, a bi su tsallake-tsallake kamar tauraro, a sake dubawa bayan kilomita 100. A goge tsatsar gishiri a kan cibiya kafin a ɗora rim, in ba haka ba rim ba zai zauna daidai ba kuma sitiyari zai riƙa rawa.

Hajiya (Gatino):
Rawar sitiyari da ka ambata, Injiniya, wata ba laifin kowa ba ce. Taya mai gudu da ta kwana a sanyi kan yi ɗan lebur inda ta zauna, kilomita 5 zuwa 10 na farko motar na karkarwa sannan ta daina. Wata kuma dusa ce ta daskare a cikin rim, a kakkaɓe ta a gani. Idan ta ƙi dainawa bayan taya ta ɗumama, sannan a je balansin.

Mai Taya (Minisota):
Ga wanda ya karanta duk wannan ya ce shi dai taya ɗaya zai sa, ya kula da zurfin zane. Doka kusan milimita 1.6 take cewa, amma wannan lissafin busasshen titi ne. A ruwa, ƙasa da milimita 3 taya ta fara shawagi. A dusa, ƙasa da 4 zuwa 5 ta gama aiki, don ƙananan tsage-tsagen da ke cizon dusa a wasu tayoyi ba sa kaiwa ƙasan zane, suna shafewa tun taya na da sauran kyan gani. Tayar da ta yi kyau a hunturun farko, ta sha zafin kwalta bazara biyu, a hunturu na uku wata taya ce daban. Continental ta sauƙaƙa wannan a DWS06 Plus: haruffa D, W, S na cikin zanen. S ta ɓace, babu dusa. W ta ɓace, babu ruwa.

A wajen saye a duba lamba huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke gefen taya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta. 3524 na nufin mako na 35 a 2024. Sabuwar taya kuma na da ɗan santsi, kilomita 800 na farko a bi ta a hankali, shi ya sa ake sawa a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba ba ranar dusar farko ba.

Baban Yusra (Toronto):
Allah ya saka da alheri. Na tsaya a kan rim 18 da Pilot Alpin 5, 225/45R18 XL, in ban samu ba Sottozero 3. Na zafin yaya zan ajiye su?

Mai Taya (Minisota):
Amin. Kafin a cire, rubuta da alli a cikin kowace: gaba hagu, gaba dama, baya hagu, baya dama. A wanke, a bari su bushe sarai, kowace a jakar leda babba a ɗaure baki. Tunda a kan rim suke, a kwantar da su a jera ɗaya kan ɗaya da kwali a tsakani don fuskar rim. Cikin gida ko ɗakin ƙasa, ba baranda ba, ba garejin da ke daskarewa ba, nesa da tukunyar ɗumama gida da duk injin lantarki. Ka mayar da su a Afrilu idan safiya ta zauna sama da digiri 7 mako guda a jere, kuma ka duba iskarsu kafin mota ta sauka daga jak.